Ranar da Surukata Ta Kira Sunan 'Yarta

Mu biyar ne a tsakar gida ranar. Akwai ni. Akwai ƙanwata da ke aure a Birnin Kudu, wadda ta zo mini kwana biyu ta zarce sati. Akwai surukata, matar ɗana, tana bakin murhu. Akwai jikata, 'yarta ta fari, lokacin tana da shekara goma sha biyar. Ta biyar ita ce baƙuwa, wadda muke ce wa Hajiya don ba mu san mata wani suna ba, har yau kuma ba mu sani ba. Ɗana ba ya nan, ya tafi ci-rani tun da aka gama shigar da gero. In za a haɗa da akuyata mai ciki da ke ɗaure a gindin turke, mu shida ne. Akuyar ma ta fi ni hankali ranar, don tun da baƙuwar ta shigo take kuka ba ta daina ba.

Ban taɓa shiga aji ba. Allon ma ban daɗe a kansa ba aka ɗora mini ƙwarya. Abin da Allah ya ba ni ido ne, ko kuma in ce haka na yi shekaru ina gaya wa kaina. A ƙauyenmu, nan wajen Zandam, nakan san mace na da ciki kafin mijinta ya sani. Nakan san wanda ya sayar da ragonsa a kasuwar Gwaram tun daga yadda ya taka ya shigo gari. Mata in sun zo wucewa ta ƙofar gidana sai su rage murya su gyara mayafi, ni kuwa daɗi nake ji. Shekara talatin na yi ina tallar fura da nono gida gida, saboda haka na ɗauka babu irin mutumin da ban gani ba.

Asalinmu masu shanu ne. Shanun sun ƙare, Fulatancin ya ƙare a bakin kakata, abin da ya rage mana kunya ce, ni kuwa na riƙe ta kamar ita ce saniya ta ƙarshe a garke. A wurinmu uwa ba ta faɗar sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta tambayar inda ya je, in ana shawara a kansa tashi take yi ta ba da wuri. Ran da aka yaye jikata na ɗauke ta zuwa ɗakina, ni na yi mata goyo, ni nake mata kitso. Sau ɗaya na taɓa kama surukata tana share wa yarinyar fuska da bakin zaninta a gidan suna. A gaban matan gari na wanke ta tas. Daga ranar ba ta sake ba. In za ta yi zancen 'yarta sai ta ce “yarinyar Inna”, ko ta ce “waccan”. Yarinyar kuma ta taso tana ce mini Inna, tana ce wa uwarta Adda, kamar wata yayarta. Har yabon kaina nake a wajen biki, ina cewa a gidana ne kaɗai tarbiyya ba ta mutu ba.

Hajiya a Gwaram na fara ganinta, wajen sadakar arba'in ɗin wana. Ta ce ta san marigayin ta hanyar fatauci. Ina da jarrabawar da nake wa baƙo ba tare da ya sani ba. Ina duba inda ya cire takalmi, ina duba ko ya kai gwiwa ƙasa wajen gaisuwa, ina duba ko idonsa na leƙen ɗakuna, in an ba shi ruwa ko ya zauna kafin ya sha. Matar nan ta ci duka. Tun daga bakin zaure ta cire takalmi. Ta durƙusa ta gaishe ni har sai da na ce ta tashi. Ta yi addu'a mai tsawo da Larabci, ta share hawaye da gefen mayafi. Na ce a raina, yau ga 'yar gidan mutunci. Ni da bakina na kwatanta mata ƙauyenmu, har da kukar da ake karya kwana a gindinta.

Bayan sati biyu sai ga ta da hantsi, a tsakiyar bazara, da goro da sabulu da turmin atamfa mai ruwan ganye da zanen fanka. Bayan an gaisa an sake gaisawa, ta kawo zance. Wai akwai wata likita a Kano, 'yar uwarta, tana neman yarinya natsattsiya mai riƙe mata jariri da safe, da yamma kuma a sa ta makarantar koyon ɗinki. Ta ce ta zagaya gidaje da yawa, amma ba ta ga tarbiyya irin ta gidana ba. Da ta faɗi haka ban ƙara jin sauran zancen da kyau ba.

Jikata kuwa tun tana ƙarama ba ta da buri sai keken ɗinki. Tana jin an ce ɗinki ta matso ta rungume ƙafata.

“Inna, don Allah. Inna, zan ɗinka miki riga mai aljihu biyu, ki riƙa zuba goro a ɗaya, gulma a ɗaya.”

“Tashi ki ba ni wuri, marar kunya,” na ce, ina dariya.

Hajiya ta ce tana son hoton yarinyar don likita ta gani, amma bangonmu na ƙasa ne, ita kuwa fari take so. Na shiga ɗaki na ɗauko farin mayafina na sallar Idi, muka shanya a igiya, aka tsayar da yarinya a gabansa. Hajiya ta ce ta tura hijabi baya kaɗan, ta kalli gaba, kada ta yi murmushi. Iska na kaɗa mayafin, sai na durƙusa na riƙe bakinsa da hannu biyu don hoton ya fita da kyau. Har yau in na tuna yadda na dage wajen riƙe mayafin nan sai in ji kamar in shiga rumbu in rufe.

Sai tambayoyi. Tana amai a mota? Tana da wani ciwo? Tana jure ƙishirwa, ko da za a wuni a kwana ba ruwa sosai?

Ƙanwata, da ke ɓarar gyaɗa a gefe, ta ɗago.

“Ikon Allah. Hajiya, ruwa ne ya ƙare a Kano?”

Hajiya ta yi dariya ta ce ai zaman birni sai da juriya. Ni kuwa na harari ƙanwata.

“Ke dai ba ki iya zama da baƙo ba tun kina yarinya. Rufe mana baki.”

“Na rufe, Yaya. Ai ke ce mai ido.”

Na juya wurin Hajiya na shiga ba ta labari. Na ce jikata tun tana shekara tara take azumi cikakke, a irin wannan zafin, ko kwana ɗaya ba ta taɓa sha ba. Na ce tana tafiya kasuwar Gwaram a ƙasa ta dawo ba ta nemi ruwa ba. Da bakina na yi tallarta, irin yadda nake tallar nono in ina so ya ƙare da wuri.

Duk wannan abin surukata na bakin murhu, ta ba mu baya, yadda na koya mata. Amma ranar komai nata ya lalace. Ta saki ludayi ya faɗa cikin toka. Ta kawo miyar kuka, gishiri ya yi yawa har baƙuwa ta yi tari. Ta wuce ta gabanmu sau uku ba tare da ta ɗauki komai ba. A na huɗun ta durƙusa nesa da ni, kanta a ƙasa.

“Inna, rana ta yi zafi yau. Da an bari sai gobe.”

“Rana ce za ta cinye ta?”

Can ta sake cewa, “Maigidan bai sani ba.”

“Ni na haife shi. In ya kira waya zan gaya masa. Tashi ki je ki duba tukunyarki, kin ba mu kunya da gishiri.”

Iyakar abin da al'ada ta yardar mata ta faɗa ke nan, kuma ta faɗa. Ni na gina mata katangar, ta zo ta tsaya a bayanta tana ƙwanƙwasawa, na ce tana damun baƙuwata.

Da aka zo tafiya sai aka nemi takalmin yarinya ƙafa ɗaya aka rasa. Aka duba ƙarƙashin gado, aka duba bayan randa, har bakin akuya sai da aka duba. Babu. Yarinya ta fara kuka. Na ce wannan ba zai hana tafiya ba, na cire nawa na kasuwa, shuɗi, wanda igiyarsa ta tsinke na ɗaure da waya, na ba ta. Masu babur biyu na jira a waje. Kafin azahar suka tashi.

Uwa ba ta rakiyar 'yar fari, saboda haka surukata ba ta fito ba. Sai da ƙarar babur ta yi nisa na ga ta ɗauki guga ta fice da sauri, alhali randunanmu a cike suke. Na ce wa ƙanwata, ga shi nan, ta tafi bayan gari ta yi kuka, yaran yanzu ba su da zuciya. Ban tuna ba cewa daga bakin rijiyar nan ana hango kukar da hanya ta rabu biyu. Dama ita ce ta Gwaram, daga can a kama ta Birnin Kudu har Kano. Hagu kuwa ƙaramar hanya ce da ke bi ta gonaki ta tsallaka rafi ta faɗa ƙasar Bauchi.

Ta dawo ba guga. Ta zo gabana ta tsaya a tsaye ƙyam, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidan.

“Inna, hagu suka yi.”

Na ce wataƙila Hajiya ta yi mantuwa a wani wuri. Na ce wataƙila hanyar dama ta lalace. Na kawo dalili uku ko huɗu, duk don kada a ce idona ya yi kuskure. Ƙanwata ta ture tiren gyaɗa ta miƙe.

“Yaya, ba a zuwa Kano ta hagu, ke ma kin sani.”

Sai a lokacin ta faɗi abin da ake ta zancensa a unguwarsu a Birnin Kudu. Ana zuwa ƙauyuka a ɗebi 'yan mata da sunan aikatau. Ba a bi da su ta babbar hanya inda za a gamu da idon sani. Sai a tsallaka da su wata jiha, inda ba wanda ya san iyayensu, a tara su a gida ɗaya, in sun cika mota a nausa Arewa, a shiga Nijar, a shiga Sahara. Wata maƙwabciyarta sai bayan shekara ta ji muryar 'yarta a waya, daga ƙasar da ba ta iya faɗar sunanta. Wata kuma har yanzu shiru.

“Kin san haka kika zauna kina ɓarar gyaɗa?” na ce.

“Na buɗe baki kika ce in rufe.”

Na nemi takalmi na tuna na bayar. Sai na zura na ɗana na gona, irin na roba mai tsawo har gwiwa, na ja mayafi muka nufi zauren mai unguwa, ina tafe takalmin na kuka kamar kwaɗo.

Mai unguwa mutumin kirki ne, ya tashi tsaye da ya ji. Amma ya gaya mini gaskiya.

“Inna, kin san maganata iyakarta rafin nan. Zan kira dagaci yanzu, shi ya kira hakimi, su kuma su nemi na can ɓangaren. Sai dai kafin a haɗa wannan, Allah kaɗai ya san inda mota ta kai. Ko mun tara maza mun je, ba mu da ikon shiga gidan matan aure a garin wasu. Faɗa za a yi.”

“To ni wa zai hana ni shiga?” na ce.

Ya kalli takalmin ƙafata, ya kawar da kai.

Maƙwabcinmu ne ya ɗauke mu a babur, ni da surukata. Na sa ta ɗauko ƙwaryar fura don mu sami abin fakewa. Rafin da ake magana a bazara ba ruwa ko ɗigo, yashi ne kawai. Muka sauka, maƙwabci ya tura babur muka taka. Ba shinge, ba soja, ba ko sanda a gicciye. Gonar mutum ɗaya ma rabinta nan rabinta can. Shekara talatin ina tsallaka wurin nan da ƙwarya a ka, na aurar da 'yan uwa can, na je gaisuwar mutuwa can, ban taɓa ɗaukar cewa na bar wata ƙasa na shiga wata ba. Ashe akwai masu lissafi da rafin nan, sun san daga wane taku maganar mai unguwarmu take zama iska.

Garin farko bayan rafi na san shi kamar tafin hannuna, ko kuma haka na ce wa surukata. Na ce ta bi ni a baya ta yi shiru, ta ga yadda ake aiki da ido. Na ce gidan da aka tara 'yan mata ba ya ɓuya, takalma ne za su tona shi. Muka leƙa gida biyu ba komai. A na uku sai ga takalma birjik a ƙofar wani ɗaki. Ko sallama ban ƙarasa ba na ɗaga labule na faɗa. Na hango wata ta ba ni baya da hijabi ruwan toka irin na jikata, na damƙo ta ta baya ina cewa, “Fito, Allah ya tona asirinku!” Ta juyo. Mace ce mai 'ya'ya uku, na cikinta na huɗu. Barkar haihuwa suka zo, mai jego na kan gado da kofin kunu a hannu, baki buɗe. Wata tsohuwa a cikinsu ta gane ni.

“Mai fura, lafiya? Ko zafin rana ne? Wannan takalmin fa, ruwa ake yi a garinku?”

Na ba da haƙuri na fito, suna ta dariya a bayana. Surukata ta dai gyara ƙwarya a kanta.

Muka ci gaba. Gida na shida ko na bakwai na wata tsohuwa ce da ta daɗe tana sayen furata, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watse. Ta yi murna da ganina, ta kawo ruwa. Na tambaye ta ko ta ga baƙi a gari. Ta ce ita ba ta fita. Na tsaya a tsakar gidanta na baza idon nan nawa da ake tsoro, na dubi gabas na dubi yamma, na ga ɗaki biyu a rufe, na ga kaji, na ga turmi. Na ce wa surukata, “Mu tafi, nan ba komai.”

Muna fitowa aka kira la'asar. Maƙwabcinmu ya taho da sauri ya ce ya zagaya bayan gari, ya ga wata bas a gindin mangwaro ana ɗaura mata jarkokin ruwa a sama, direban kuma ya ƙi faɗar inda za shi. Gidajen da suka rage sun fi talatin. Ƙafata ta kumbura a cikin roba. Na tsaya a tsakiyar hanya, karon farko a rayuwata ban san inda zan duba ba.

Sai na ji an ajiye ƙwarya a ƙasa. Na juya. Surukata ta sauke mayafinta zuwa kafaɗa, ta ɗaga kai, ta kira sunan 'yarta.

Na farkon bai fita sosai ba, muryar ta karye a tsakiya kamar ta wanda ya daɗe bai yi magana ba. Ta sake kira, da ƙarfi. Maza na tafiya masallaci da butoci, duk suka tsaya suna kallo. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, abin da ya fara fita daga bakina shi ne, “Ke! A gaban mutane?”

Ko kallona ba ta yi ba. Ta kira na uku, ta ja sunan har ƙarshensa, yadda ya ratsa katangu.

Can sai ga murya daga bayan wata katanga.

“Wa ke kirana?”

Yarinyar ba ta gane muryar ba. Shekara goma sha biyar suna gida ɗaya, ba ta taɓa jin sunanta a bakin nan ba.

“Ni ce,” in ji surukata.

“Adda?”

Daga gidan tsohuwar nan ne, wanda na fito daga ciki yanzu na ce ba komai.

Surukata ta riga ni shiga. A ƙofar ɗaki na biyu, a fili, inda ko makaho zai yi tuntuɓe da shi, ga shuɗin takalmina mai ɗaurin waya, tare da na wasu mutum huɗu. Na tsaya a kansa ɗazu ina shan ruwa. An saƙala kwaɗo a ƙofar ta waje amma ba a datse ba. Ta zare ta tura. 'Yan mata biyar ne a kan tabarma ɗaya, kowace da ƙullin kayanta a cinya, ba wadda ta girmi jikata sosai.

Na juya kan mai gidan zan cinye ta ɗanya. Ta ce wallahi ita ba ta san komai ba. Wata Hajiya ce mai mutunci ta roƙe ta aron ɗaki, ta ce yaran 'yan uwanta ne daga Jigawa za ta kai su aiki Kano, kada a bari su fita su ɓata, kada kuma a gaya wa kowa saboda bakin mutane. Ta ce matar tun daga zaure take cire takalmi. Tana cikin rantsuwa na hango turmin atamfa a kan gadonta ta ƙofar ɗaki, ruwan ganye, da zanen fanka. Ta ga inda nake kallo. Na ce, “Ni ma irinsa aka ba ni.” Muka tsaya muna kallon juna, tsofaffi biyu, an saye mu da zane iri ɗaya.

Daga nan na yi abu ɗaya da na iya. Na fita ƙofar gida na zauna a kan dakali na buɗe murya. Wanda ya taɓa jin tallata ya san ba na bukatar lasifika. Kafin a idar da salla mata sun cika gidan, har da mai 'ya'ya ukun da na damƙa, ita ce ma ta fi kowa zafi. Maza suka kira dagacinsu. Aka tura mutane gindin mangwaro, suka tarar bas ta tashi. Hajiya ba ta dawo ba, ba mu sake ganinta ba. Ban san ko akwai wasu yaran a motar ba, daga wani gidan ko wani garin. Nakan yi wannan tunanin in na ga an ɗaura jarka a saman mota. Sauran 'yan matan huɗu dagacin ya ajiye su a gidansa aka aika wa iyayensu. Biyu daga wajen Fagam suke.

Jikata ba ta gode wa kowa ba. Kuka take, ta ce mun tona mata asiri, mun hana ta keken ɗinki.

“Inna, ba ke kika ce in tafi ba? Ba ke kika ba ni takalmi ba?”

“Ni ce.”

“To yanzu kuma fa?”

“Yanzu kuma na ce ki dawo. Wuce mu tafi.”

Babur ba zai ɗauki mu uku da mai shi ba, sai muka ce ya yi gaba ya kai labari, mu mu taka. Yarinya na gaba tana fushi, ina tsakiya ina jan roba, surukata na can baya ta rufe fuska da mayafi, ta koma yadda take kamar ba ita ta tsayar da gari ɗazu ba. A tsakiyar yashin rafi yarinyar ta tsaya ta waiwaya.

“Adda, ashe kin san sunana?”

Surukata ta sunkuyar da kai ta wuce ta gefenta. Amma na ga ta ɗan taɓa ƙullin kayan da ke kan yarinyar ta gyara masa zama. Wannan dai na gani.

Ana kiran magariba muka shiga gida. Ƙanwata ta tarbe mu da takalmi ƙafa ɗaya a hannu, fari fat da gari. Ta ce ta je ɗiban garin tuwo ta same shi a ƙasan tukunyar surukata.

“Yaya mai ido,” ta ce, “a gabanki aka ɓoye shi.”

Na wuce ɗaki na cire takalmin roba.

Washegari Juma'a ce, ranar da nake wa jikata kitso tun tana da gashin da za a kama. Bayan an karya kumallo na ɗauko tsinken kitso da kwalbar man shanu, na shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu, yarinya ta zo ta zauna tana cin magani. Na kira surukata. Ta zo ta durƙusa nesa, yadda ta saba.

“Matso. Karɓi tsinken nan ki yi wa yarinyar nan kitso. Idona ya fara mutuwa, ba na ganin tsaga.”

Ta dubi ƙofar gida.

“Inna, mutane fa?”

“Mutanen da kike tsoro ni ce. Karɓi.”

Ta sa hannu biyu ta karɓa. Ta zauna a kan kujerata, yarinya ta jingina da gwiwarta a ɗarare, kamar mai tsoron kujerar za ta karye. Na san in na tsaya a wurin sai na ce tsagar ta karkace. Sai na shiga ɗaki na ɗauko atamfar nan na shimfiɗa a gindin turke don akuya ta haihu a kai, na kwance akuyar, na ja ta muka fita bayan gari kiwo, ban dawo ba sai da rana ta take.